Daga Asibitin Mishan zuwa Kurudu: Tarihin Tsohuwar Nas

Kurudu, wanda yake kan hanyar da ta taso daga Nyanya ta ratsa Karu da Jikwoyi ta nufi Karshi, asalinsa ƙauyen Gbagyi ne, wato al'ummar da Hausawa ke kira Gwari, kuma bai cika ya batse ba sai bayan da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991, lokacin da tsadar haya ta tura ƙananan ma'aikata da masu ritaya zuwa bayan gari. Cikin waɗanda suka sauka a nan akwai tsofaffin ma'aikatan jinya mata Kirista, waɗanda unguwa ke kira "Mama Nas", kuma tarihin sana'arsu ya girmi birnin da nesa ba kusa ba.

Tushen sana'ar a Arewa yana asibitocin mishan. Da yake Turawan mulki sun taƙaita wa masu bishara shiga masarautun Musulmi, sai magani ya zama ƙofar da ta rage musu: an kafa asibitin Vom a 1922, 'yan mishan sun sauka Garkida a 1923, a 1929 kuma mishan ɗin Zariya ya koma Wusasa, inda asibitinsa ya yi suna. Daga baya, da amincewar sarakuna, ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi kula da zangunan kutare na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, sannan ta buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950. Da farko samari aka fi koya wa ba da magani da ɗaurin miki, amma haihuwa ta tilasta a nemi 'yan mata, domin macen kulle ba za ta yarda namiji ya karɓi haihuwarta ba. Abin takaici ne cewa littattafan tarihi sun adana sunayen likitocin Turawa, sun bar na 'yan matan da suka riƙa kwana a tsaye da fitilar ƙwai, suna dafa sirinjin gilashi kafin a yi wa kowa allura.

A tarbiyyar da suka samu babu shamaki tsakanin aiki da ibada, domin da addu'a da waƙa daga Littafin Waƙoƙi ake buɗe ɗakin marasa lafiya kowace safiya, kafin nas ta gyara farar hularta, ta duba agogon da ke maƙale a ƙirjinta, ta fara ƙirga bugun jijiya. Dokar rajistar ma'aikatan jinya ta 1947 ta ba sana'ar matsayi a hukumance, a 1979 kuma aka haɗe hukumarsu da ta ungozomomi. A cikin shekarun 1970 ne gwamnatocin jihohi suka karɓe asibitocin mishan da yawa, matan suka koma ma'aikatan gwamnati ba tare da sun yar da abin da suka taso a kai ba.

Dokar aiki ta zamaninsu ta ce a ajiye aiki bayan shekara 35 ko in an cika 60 da haihuwa, sai dai a unguwa irin Kurudu ritayar a takarda kawai take. Na'urar awon hawan jini tana nan cikin jaka tare da Littafi Mai Tsarki, kuma tsohuwar nas ɗin ce ake ƙwanƙwasa wa ƙofa idan naƙuda ta tashi cikin dare. Idan 'yarta ta haihu, ita ce mai wankan jego, amma da ilimin asibiti: takan rage zafin ruwa, ta hana yawan kunun kanwa, domin tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta waɗannan al'adu da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Sauran lokacinta na jikoki ne da Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya masu gaishe da marasa lafiya da tallafa wa gwauraye. Ranar da irin wannan uwa ta rasu, su ne ke fitowa cikin ankonsu, suna kaɗa tulu da caki, a bayansu kuma akan ga manyan mutane masu furfura waɗanda a hannunta aka haife su.