Jinsi da ire-iren suna a Turanci: inda suka bambanta da Hausa

Ma'aikacin da ke rubuta wasiƙar ofis da ɗan kasuwar da ke cike takardar neman kwangila sukan yi tuntuɓe a wuri ɗaya, wato ɗora ƙa'idar suna ta Hausa a kan Turanci. Tarihin Daura, wanda kusan kowa ya sani, ya isa misali wajen nuna bambancin.

Jinsi a Hausa

A Hausa kowane suna tilo namiji ne ko mace, ko da abin ba shi da rai. Dirka ce ke tona asirin jinsin: Daura gari ne, Kusugu rijiya ce. Galibin sunayen da suka ƙare da wasalin "a" mata ne, kamar kasuwa da masarauta, sai 'yan kaɗan irin su gida, ruwa da nama. Sunayen garuruwa da na ranaku duk mata ne, shi ya sa ake cewa Kano ta cika, Lahadi ta zo. Kalmomin aro ma ba su tsira ba: mota mace ce, banki namiji ne, gwamnati da kotu kuwa mata ne duk da ba su ƙare da "a" ba. A jam'i bambancin yakan ɓace, a ce rijiyoyi ne.

Jinsi a Turanci

Tsohon Turanci yana da jinsi uku, kuma ba koyaushe suke bin halitta ba, domin kalmar "wif" mai nufin mace ba ta cikin jinsin mata. Tsarin ya yi ta zaizayewa har ya gushe kafin ƙarshen ƙarni na 14. A yau Turanci halittar abu yake dubawa, kuma a wakilin suna ake ganin haka: "he" ga namiji, "she" ga mace, "it" ga abin da ba mutum ba.

A labarin kafuwar Hausa Bakwai, Bayajidda "he" ne, sarauniya Daurama "she" ce. Macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a mace ce a bakin Bahaushe, ko da yake sunanta Sarki, amma a Turanci ita da rijiyar duk "it" ne. Haka garin Daura da mota da gwamnati.

Malaman nahawu sukan kasa jinsin Turanci gida huɗu:

- Namiji: king, father, prince.
- Mace: queen, mother, princess.
- Na tarayya, mai ɗaukar namiji da mace: doctor, teacher, director.
- Marar jinsi: well, market, file.

Na tarayya shi ya fi jawo abin kunya a ofis. Muƙami ba ya nuna jinsin mai riƙe da shi, don haka a bincika kafin a rubuta "Sir" ga darakta mace, wadda "Madam" ta dace da ita.

Ire-iren suna

Sunan yanka shi ne na takamaiman mutum, wuri ko hukuma, kuma da babban baƙi yake farawa: Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango, ƙananan hukumomi biyar na masarautar. Turanci yana sa ranaku da watanni da harsuna a wannan rukuni, kamar Friday da July.

Suna gama-gari shi ne wanda duk abubuwa masu iri ɗaya suka yi tarayya a kansa, kamar town da emir. Ana rubuta shi da ƙaramin baƙi, sai in ya zama laƙabin wani. Wanda zai ambaci Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, da ya hau gadon sarauta a 2007, "Emir of Daura" zai rubuta.

Suna tattarau kalma ɗaya ce mai nufin taro, kamar council, committee da staff. Ba a ce wa mutum ɗaya "a staff", sai dai "a member of staff".

Ɓoyayyen suna shi ne na abin da ba a gani ba a taɓawa, kamar justice da courage, wato adalci da jarunta.

Na ƙarshe shi ne rabon suna zuwa mai ƙirguwa da marar ƙirguwa, kuma a nan kuskure ya fi yawa. Bahaushe yana da shawarwari da bayanai, amma advice, information, furniture, equipment da luggage ba sa ɗaukar "s" na jam'i. Ɗan kasuwar da ya rubuta "equipments" a takardar kwangila ya bar wa mai tantancewa abin magana tun kafin a duba farashi. In ana son adadi sai a ce "three pieces of furniture" ko "two bags of millet".

Kafin a sa hannu a takarda, tambayoyi uku sun wadatar: mutum ne ko abu, sunan yanka ne ko gama-gari, yana ƙirguwa ko ba ya ƙirguwa. Amsarsu ce ke zaɓen wakilin suna, da babban baƙi, da jam'i.