Barmani Choge: jagorar 'yan kwarya da ta riga mu sanin rap

1/
Duk lokacin da aka zo hirar ƙungiyoyin mata mawaƙa, sai ka ji ana ta Left Eye ta TLC ko Lisa ta Blackpink. To jama'a, mu ma fa muna da tamu, kuma da ƙwarya ta yi nata. Ku biyo ni a wannan zaren. 🧵

2/
Sunanta Hajiya Sa'adatu, amma duniya ta san ta da Barmani Choge. An haife ta a shekarun 1940 a yankin Funtuwa, jihar Katsina ta yanzu. Tun tana ƙarama aka yi mata aure, kamar yadda ake yi wa 'yan mata a lokacin.

3/
Kiɗanta shi ne amada: mata su zauna, su kife ƙwarya, wata a ƙasa, wata a kan ruwa, suna bugawa. Jagora ta ba da waƙa, 'yan amshi su karɓa. Asalinsa bege ne na matan ɗariƙar Ƙadiriyya a cikin gida, kafin ya fito dandalin biki da suna.

4/
Me ya sa nake haɗa ta da rap? Ku saurare ta da kyau. Magana ce take jerowa da sauri a kan bugun kiɗa, da habaici, da kirarin kai, da zambo. A shekarun 1970, lokacin da hip-hop ke jariri a unguwar Bronx ta Amurka, ita tana cika gidajen biki da wannan salon.

5/
Kuma ba ta jin tsoron batu. Kishi, haihuwa, zaman aure, jikin mace: abubuwan da ake raɗa a ɗaki, ita ta faɗe su da ƙarfi. Wasu suka ce ta cika batsa. Mata kuwa suka ce ta faɗi abin da ke ransu.

6/
Amma wanda ya tsaya a nan bai san Barmani ba. Babban saƙonta shi ne mace ta nemi na kanta. Waƙarta "A Kama Sana'a Mata" kira ce ga matar kulle ta yi ƙosai, ta yi ƙuli-ƙuli, ta yi saƙa, kada ta zauna jiran kuɗin cefane.

7/
Sai maganar kuɗi. TLC sun sayar da miliyoyin faifan CrazySexyCool, amma a 1995 suka je kotu suka ce sun talauce. A nan gida kuma, mawaƙan gargajiya da liƙin biki suke rayuwa, a da kuma masu kwafar kaset ne suke kwashe riba. Ƙasa daban, ciwo ɗaya.

8/
Barmani ta rasu a watan Maris na 2013. Allah Ya jiƙanta. Ita ta yi sa'a: an naɗi muryarta, kuma masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu a kanta.

9/
Yanzu mu dawo gida. Mu 'yan Yauri, Ngaski da Shanga, ina waƙoƙin iyayenmu mata? Na daka, na niƙa, na gaɗa, na kai amarya, da Hausa da yaren Gungawa da na Kambari?

10/
Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye garuruwa da gungaye, aka tashi dubban mutane. Yarinyar da take shekara 12 a lokacin, yau ta kusa 70. Waƙoƙin waɗancan garuruwa a bakinta suke, ba a kaset ba.

11/
Wayar da kake karanta wannan da ita tana ɗaukar murya. Ka je wurin kaka, ka gaishe ta, ka nemi izininta, ka ce ta rera maka ta daka ko ɗaya. Ka rubuta sunan garinsu na asali da shekarar da ka ɗauka.

Wa zai fara? Ku ajiye sunan garinku a ƙasa. 👇🏾