Daga Gangar Noma Zuwa Fiyano: Tarihin Waƙar Talaka a Ƙasar Zonkwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Zonkwa cikin watan Disamba, sa'ad da hunturu ya sauko, aka haƙe citta aka shanya, 'yan ƙasa kuma suka komo gida daga Kaduna da Abuja da Ikko saboda Kirsimeti da bukukuwan aure, ya san garin ba ya rabuwa da amon kiɗa tun daga la'asar har asuba; in kuwa ya bi sawun amon nan har inda yake fitowa, galibi abin da zai tarar shi ne saurayi guda tsaye bayan fiyano, da lasifika biyu a kan benci, da janareta yana ruri a bayan ɗaki. Da yawa daga cikin dattawa suna ganin wannan kiɗa na lantarki baƙo ne da ya zo jiya ya kori na gado, kuma suna da hujjarsu. Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne maganar da ake ɗorawa a kan kiɗan, domin ita asalinta yana da nisa, ta girmi fiyano, ta girmi rediyo, har ma ta girmi hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa garin.

Bajju, waɗanda a Zonkwa fadar sarkinsu Agwam Bajju take, da maƙwabtansu Atyap da Ham da Agworok, waɗanda takardun zamanin Turawa suka rubuta da sunayen Kaje da Kataf da Jaba da Kagoro, manoma ne tun fil'azal, kuma a gona waƙarsu ta tashi. In an kira gayya, samari suka jeru a bakin kunya, mai ganga yana biye da su, ana kirari ga wanda ya yi gaba, ana zambo ga wanda ya sare. Mata kuwa nasu fagen shi ne dutsen niƙa da turmi, inda matar da ba ta da ikon ɗaga murya gaban miji ko uwar miji takan zuba kukanta cikin waƙa, kowa ya ji, ba kuma wanda zai ce ta yi rashin kunya. A al'ummar da ba ta ajiye labarinta a takarda, waƙa ita ce jarida, wani lokaci ma ita ce alƙali, domin malalaci da mai shanye hatsin gida a burkutu da ɗan sarki mai tsananta karɓar haraji duk sun fi tsoron shiga bakin mawaƙa bisa ga tsoron tara. Ƙaho da ganga da ake fitowa da su yau a bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, ko a Tuk Ham na Kwoi, ragowar wancan zamani ne.

Harshen Hausa ya shigo ƙasar tare da fatake, sunan Zangon Kataf kansa shaida ne, amma abubuwa biyu suka kafa shi a bakin kowa, wato jirgi da mishan. A wajen 1927 hanyar jirgin da ta taso daga Fatakwal ta haɗu da Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos, sai Kafanchan ta zama mahaɗa, Zonkwa ta sami tasha, ma'aikata daga kudu suka sauka da garmaho da faya-fayensu, jama'a suka fara jin muryar mutum tana fitowa daga akwati. Su kuma 'yan mishan na SIM, waɗanda suka kafa tasha a Kwoi tun wajen 1910, da suka ga harsunan ƙasar sun yi musu yawa, sai suka riƙi Hausa ta zama harshen wa'azi da makaranta, musamman bayan da aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932. Waƙoƙin farko na majami'a fassara ce, an ɗora lafazin Hausa a kan karin Turawa, har kalma takan fito a karkace, kuma an hana ganga da ƙaho saboda ana danganta su da dodo.

Mata ne suka warware wannan mas'ala, kuma a ganina ba a ba su haƙƙinsu a tarihi ba. Ƙungiyar Zumuntar Mata, wadda ta bunƙasa a ekklisiyoyin ECWA da na Katolika da sauransu, ta komo da tukunyar ƙasa da gora da kuge cikin ɗakin sujada, ta komo da salon nan na mai bayarwa da 'yan amshi, sa'an nan ta shiga tsara waƙoƙinta da kanta a kan abin da ta sani: haƙurin zaman aure, da kuɗin makarantar yara, da miji mashayi, da gwauruwar da dangin miji suka kwashe wa kaya tun makoki bai watse ba. Daga shekarun 1960 'yan ƙungiyar wa'azi ta Sabon Rai suka bi sahu da gangunansu, suna zaga ƙauyuka. Wanda ya san waƙoƙin wa'azi na malaman Musulunci, tun daga Nana Asma'u da 'yan tarunta har zuwa Aliyu Namangi na Zariya, zai ga kama a fili, domin manufar guda ce, a ɗauki nasiha a sa ta cikin karin da mace za ta iya riƙewa tana daka; kowa da aƙidarsa, amma hikimar isar da saƙo iri ɗaya ce, kuma kalmomin da ake aiki da su, irin su tuba da lahira da alheri da zunubi, daga tulu guda aka ɗebo su.

Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da kaset da ya biyo baya, su suka shigo da Ɗanmaraya Jos kowane gida. Wannan bawan Allah, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya nuna cewa karen mota da yarinyar da aka yi wa auren dole sun isa a yi musu waƙa kamar yadda ake yi wa sarki, kuma har ya rasu a 2015 Musulmi da Kirista na ƙasar nan ba su yi jayayya a kansa ba.

Kiɗan lantarki a ƙasar Hausa ya fi daɗewa bisa ga yadda ake zato, domin tun a 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na ogan a Yamai, rediyo da talabijin na Nijar suka yi shekaru suna sa shi tsakanin shirye-shirye. Sai dai abin bai zama na kowa ba sai da ƙananan fiyano na kamfanin Yamaha na Japan, jerin da ake kira PSR, suka cika kasuwa a shekarun 1990. Sirrin na'urar shi ne an riga an ajiye mata amon ganguna da kayan tsirkiya da na busa iri-iri a ciki, mai kiɗa ya zaɓi salo, ya danna da hannun hagu, ita kuma ta ci gaba da bugawa ba gajiya, ya rage masa ya yi ado da hannun dama. Ta haka yaro guda ya tsaya a madadin makaɗa biyar. A Kano ta shiga ta ƙofar fim, fim ɗin Sangaya na 1999 ya tabbatar da ita, aka sami abin da ake kira nanaye. A ƙasar Zonkwa da Kafanchan ta ƙofar majami'a ta shiga, inda ekklisiya takan yi karo-karo ta saya, a damƙa wa wani yaron kwaya ya koya da kunne, ranar Lahadi ya buga wa Ubangiji, ranar Asabar a ɗauke shi haya gidan biki. Tasirin mawaƙin bishara Panam Percy Paul na Jos a kan waɗannan yara babba ne. Daga baya kwamfuta ta zo da manhajar FL Studio ta ƙasar Beljiyam, da Auto-Tune na Amurka mai daidaita murya, sai ɗaki guda da aka liƙa wa katifa a bango ya zama situdiyo.

A nan ne kukan dattawa yake da gaskiya, kuma ya kamata a faɗe ta yadda take. Hausa da Jju na Bajju da Tyap na Atyap duk harsuna ne masu karin sauti, ɗaga murya ko sauke ta yakan juya ma'ana, kamar yadda kuka ta itace ta bambanta da kukan hawaye; saboda haka a da mawaƙi ke gaba, makaɗi yana bin bakinsa, in magana ta yi tsawo ganga ta jira ta. Na'ura ba ta jiran kowa. Yanzu ana fara haɗa kiɗa, a miƙa wa mawaƙi, shi kuma ya nemi kalmomin da za su shiga cikin awon, yana duban agogo, domin kuɗin situdiyo da man janareta suna tafiya. In baiti ya ƙi shiga sai a datse shi, in ma'ana ta ƙi sai a cike gurbin da maimaici. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to, har lafazi ya sauya, azanci da habaici masu zurfi sun ragu, waƙa ta gajarta. Amma a ɗaya gefen, abin da a da sai mai hali ya je Kaduna ko Ikko yake samu, wato a ɗauki muryarsa a ajiye, ya zama ƙungiyar matan ƙauye tana iya yinsa da kuɗin citta buhu kaɗan, ta ƙaddamar da kaset ɗinta a harabar majami'a, kuma a karo na farko aka sami waƙoƙi masu yawa da aka ɗauka cikin Jju da Tyap da Hyam na Ham, harsunan da mishan da makaranta suka tura gefe. In aka ɗora riba da hasara a ma'auni, ni ina ganin ribar ta rinjaya.

'Ya'yan ƙasar sun taka rawa a wannan sana'a ta ɓangarori biyu. Adam A. Zango, wanda sunan garin Zango yake manne da nasa, da kiɗa da waƙa ya fara kafin ya yi suna a fim, kuma shi ne aka ɗaure a Kano a 2007 saboda faifansa Bahaushiya, a zamanin da hukumar tace fina-finai ta matsa wa mawaƙa, zamanin da Ziriums da Aminu Ala suka mai da martani da waƙa. Audu Maikori, ɗan Kwoi, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin waƙa na Chocolate City, wanda ya fito da Jeremiah Gyang na Jos da waƙarsa Na Ba Ka, aka ji Hausar majami'a a gidajen rediyon Ikko. Na'ura guda, harshe guda, masu sauraro ne kawai suka rabu.

Rabuwar kuwa ta yi tsada. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987, da na Zangon Kataf a Fabrairu da Mayu na 1992 wanda ya faro daga maganar matsar da kasuwa, da na bayan zaɓen Afrilu na 2011 wanda ya yi wa Zonkwa da Kafanchan mummunan rauni, da hare-haren ƙauyuka na shekarun baya-bayan nan, sun bar marayu a gidajen Musulmi da na Kirista, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Bayan kowace musiba an yi waƙoƙi, na makoki da na neman zaman lafiya, wasu kuma, ba a ɓoye gaskiya, na rura wuta. Abin da ke damuna shi ne waƙar kowane ɓangare takan tsaya a unguwarsu, mai kuka a nan bai ji kukan na can ba, alhali da zai ji, da ya gane karin, domin fiyano guda aka buga. Wani abin takaicin kuma, tun da wayar salula ta shigo a 2001 har ta kai ana tura waƙa a memori a bakin kasuwa kan kuɗi kaɗan, cinikin faifai ya mutu, mawaƙi ya koma dogaro da ɗan siyasa, yabon ɗan takara ya cinye gurbin kukan talaka. Abin waƙa kuwa bai ƙare ba: ga cutar da ta halaka citta a 2023 ta bar manoma da bashi, ga tashar jirgi da ciyawa ta rufe, ga samari da takardun digiri suna achaɓa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne waɗannan waƙoƙi suna salwanta a kan idonmu. Zaren kaset yana cin danshi, faifan CD yana karcewa, memori kuwa in ya cika sai a goge a zuba sabo, situdiyon da ya ɗauka ya rufe, kwamfutarsa ta lalace. Masanin da zai zo nan gaba yana neman yadda matar Zonkwa ta ji a ranta a 1992 ba zai same shi a rahoton kwamitin bincike ba, a waƙar Zumunta yake, in ta tsira. Don haka ina roƙon Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da Gidan Arewa a Kaduna, su tura ɗalibai majami'u da makarantun Islamiyya da rumfunan masu tura waƙa, su tattara, su kwafe, su rubuta baitocin da sunan wanda ya tsara da shekarar da aka yi, tun masu su suna raye. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon kaset na mahaifiyarka a ƙasan akwati, kada ka bari a zubar da shi ranar shara; fito da shi, ka nemi mai na'ura ya juye maka, ka tambaye ta dalilin da ya sa suka yi waƙar.