Fadar Pitti

Fadar Pitti tana birnin Florence a ƙasar Italiya, kudu da kogin Arno. Wani attajiri mai harkar banki, Luca Pitti, ya fara gina ta a 1458 da manyan duwatsu masu kaushi. A 1549 iyalin Medici, masu mulkin birnin, suka saye ta, suka faɗaɗa ta. Sarkin Italiya ya miƙa ta ga al'ummar ƙasar a 1919.

Yau ta zama gidan adana zane-zane. A ciki akwai zanen Raphael na Maryamu rungume da jariri Yesu, Yohanna Mai Baftisma yana gefensu. Linjila ba ta bayyana kamannin fuskokinsu ba, saboda haka mai zanen ya ba su kamannin mutanen ƙasarsa.