Daga Katsina zuwa Habana: Abin da Ake Saye Idan An Sayi Taba Mai Tsada

A unguwar Arkilla, yamma da birnin Sakkwato kan hanyar Kalambaina, da wuya teburin mai tireda ya rasa abu biyu: goro a faranti an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, da kwalin sigari can gefe, inda ba kowa ke son a ga ya miƙa hannu ba. Akwai wata taba da ba ta kan teburin, amma samarin unguwa sun san kamanninta daga fina-finai da hotunan attajirai a waya. Kara ne mai kauri, ruwan ƙasa, ganye zalla aka naɗe babu takarda, sai ɗan zobe mai ruwan zinariya a wuyansa. Ita ce tabar Habana ta ƙasar Kyuba, wadda masu ita ke kira Habano. Kara ɗaya daga manyan samfuran Cohiba yana iya haura dala 100. A canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, wannan ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, har da rara.

Shin abin da za a ƙone cikin sa'a guda ya cancanci wannan kuɗi? Tarihin taba, a Kyuba da kuma nan ƙasar Hausa, ya nuna cewa farashin ya ƙunshi abubuwa uku da ya kamata a rarrabe: ƙasar da ganyen ya fito, aikin da aka yi masa, da sunan da aka liƙa masa.

Ƙasa da hannu

A watan Nuwamba na 1492, mutum biyu daga ayarin Kolumbus suka shiga cikin tsibirin Kyuba, suka tarar da mutanen wurin suna kunna naɗaɗɗen ganye suna zuƙar hayaƙinsa. Cikin ƙarni ɗaya ganyen ya zagaya duniya. Ana nomansa a wurare da yawa, amma tun da wuri masu saye suka lura cewa na Kyuba ya fita daban, musamman na yankin Vuelta Abajo da ke lardin Pinar del Río a yammacin tsibirin, inda ƙasa mai yashi da laimar iska suka dace da shi. Masarautar Sifaniya ta ga riba, ta mallake cinikin ita kaɗai a 1717, ba ta sake shi ba sai 1817. Bayan nan ne manyan sunaye suka fito: H. Upmann a 1844, Partagás a 1845, Romeo y Julieta a 1875, Montecristo a 1935.

Aikin da ke cikin kara ɗaya ba ƙarami ba ne. Ganyen da za a yi rigar waje da shi ana rainonsa ƙarƙashin rumfar yadi, don rana kada ta sa shi kauri. Na ciki kuwa a fili yake girma, kuma ana bambanta ganyen saman tsiro mai ƙarfi, da na tsakiya mai ƙamshi, da na ƙasa mai saurin kama wuta. Ana tsinke su da hannu, a rataye a rumbu kimanin kwana 50 har su bushe, sannan a jibge su tsibi-tsibi su yi zafi su ruɓa kaɗan, abin da ke rage musu ɗaci da kaifi. Daga nan a ɗaure su a ajiye, wasu watanni, wasu shekara biyu ko fiye. Gwanin naɗi yakan naɗe kara 60 zuwa 150 a yini, gwargwadon girmansu, alhali injin sigari yana fitar da dubbai a minti ɗaya. Wanda ya ce tabar Habana da sigarin kwali abu ɗaya ne bai yi adalci ba. Taba ta bambanta da garin gero. Wani kaso na tsadar, haƙƙin manomi ne da manaɗi da shekarun jira.

Lokacin da Katsina ta yi suna

Ƙasar Hausa ma ta taɓa samun tabar da sunanta ya yi tafiya. Ganyen ya iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16, har marubutan tarihin Maroko suka ruwaito cewa mutanen ƙasar Sudan da suka rako giwa zuwa fadar Sarki Ahmad al-Mansur ne suka shigar da shan taba Marakish. Manoman Hausa suka karɓe ta, suka mai da ita amfanin fadama na rani. Aka riƙa shanta a lofe, ana daka ta gari a haɗa da kanwa a sa a baki, mata kuma suna goge haƙora da furenta don su yi ja. Hugh Clapperton, Baturen da ya sauka wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya ga waɗannan al'adu a Kano a kan hanyarsa, ya kuma rubuta su.

A 1853 Heinrich Barth ya ratsa Katsina zai nufi Wurno da Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, daga can ya wuce Tambutu. Cikin kayan da ya saya don guzuri da kyauta har da tabar Katsina, domin, in ji shi, ana girmama ta har a Tambutu, garin da ake kawo wa taba mai kyau daga kudancin Maroko. Ke nan abin da Vuelta Abajo ya zama ga Turai, fadamun Katsina sun zama irinsa ga ayarin Sahara: wurin da ambaton sunansa kaɗai ke ƙara wa kaya daraja.

Sai dai taba ta shigo ƙasashen Musulmi tare da gardama. Ahmad Baba, babban malamin Tambutu, ya rubuta a 1607 cewa halal ce muddin ba ta gusar da hankali ba. Kafin ƙarnin ya ƙare, Muhammad al-Wali, malamin Fulani na Bagirmi, ya rubuta littafi yana haramta ta. A ƙarni na 19 Shehu Ahmadu na Masina ya hana ta a daularsa, malaman Kunta na Tambutu, waɗanda danginsu ke fataucinta, suka ƙi yarda da shi. Gardamar ba ta ƙare da hukunci ɗaya ba, amma ta bar tabo. A gari irin Sakkwato, wanda malamai suka kafa, taba ba ta zama abin da ake miƙa wa baƙo mai daraja ba, ba a kai ta gaisuwar surukai, yaro ba ya kunna ta gaban dattijo.

Wannan matsayi goro ne ya same shi, kuma wanda ke son fahimtar mashayin Habano ya dubi mai cin goro. Fatake sun yi watanni a hanya zuwa Gwanja don ɗauko shi, suna naɗe shi da ganyen fita cikin huhu, suna buɗewa lokaci-lokaci su yayyafa ruwa su tsince wanda ya lalace. Masana goro sun bambanta marsa da minu, sun fifita daushe da ya kwana biyu a ajiye a kan sabon ɗauka, sun ɗora goron Labuje na ƙasar Nupe sama da saura, har ya zama abin kyautar sarakuna. Asali, girma, daɗewa da iya ajiya: ma'aunan da ake auna tabar Habana da su ke nan. Kuma kowa ya san cewa ƙwaryar goron da aka kai gidan biki ba ɗanɗano kaɗai aka saya ba, har da mutuncin wanda ya kai.

Sunan tabar Katsina bai tsira ba. Kamfanin British American Tobacco ya buɗe masana'antar sigari a Ibadan a 1937, aka kafa Nigerian Tobacco Company a 1951, ta kuma buɗe masana'anta a Zariya a 1959. Manomin Arewa ya koma mai sayar da ganye ga kamfani bisa awo, sunan da ke jikin kwali ya maye gurbin sunan garin da aka noma ganyen. Fadamar tana nan, amma babu wata hukuma ko ƙungiyar 'yan kasuwa da ta tsare sunanta.

Yadda aka gina suna

Kyuba ta yi akasin haka, siyasa kuma ta taimake ta. Bayan juyin juya halin 1959, gwamnatin Fidel Castro ta ƙwace masana'antun taba a 1960. A watan Fabrairu na 1962 Shugaba John Kennedy na Amurka ya sa hannu kan takunkumin ciniki da Kyuba. Kakakinsa, Pierre Salinger, ya ba da labarin cewa shugaban bai sa hannu ba sai da aka tara masa kara 1,200 na H. Upmann. Daga ranar tabar Habana ta zama haramtacciya a kasuwa mafi arziki a duniya, kuma abin da aka hana mai kuɗi, shi ya fi nema.

Cohiba kanta ba tsohuwa ba ce. An fara naɗa ta a 1966 don Castro da manyan baƙin gwamnati, ba a sayar wa jama'a ba sai 1982. Ganyenta zaɓaɓɓe ne, ana kuma ƙara masa zagaye na ruɓarwa a ganga, amma babban jarinta shi ne labarin cewa tabar shugaba ce. A 2022 kamfanin Habanos, wanda ke riƙe da cinikin tabar Kyuba a ƙetare tun 1994, ya daidaita farashin Cohiba a ko'ina da na Hong Kong, inda ya fi tsada. A ƙasashe da yawa farashin ya ninka sau biyu ko uku. Gonar ba ta sake ba, manaɗan su ne dai na jiya. Kamfanin ya gane cewa akwai masu saye, musamman a Sin, da tsadar ce ke jawo su.

Masu masana'antun da suka bar Kyuba bayan 1960 kuwa sun tafi da iri da gwaninta zuwa Jamhuriyar Dominika da Nikaraguwa da Honduras. Yau akwai Montecristo biyu, Partagás biyu, Cohiba biyu: ta Kyuba da wadda ake sayarwa a Amurka. Gidan Davidoff na Jeniba ya rabu da Kyuba bayan saɓani kan inganci, ya koma Dominika a farkon shekarun 1990. Mujallar Cigar Aficionado ta Amurka, wadda masu ɗanɗana mata ke cire zoben kara kafin su ba da maki, ta sha ba tabar Nikaraguwa ko ta Dominika lambar gwarzon shekara, alhali kuɗinta bai kai rabin na Cohiba ba. Wani gwaji da aka wallafa a 2008 a Kalifoniya ya nuna dalili: an ba mutane abin sha iri ɗaya aka faɗa musu farashi daban-daban, sai suka fi jin daɗin wanda aka ce ya fi tsada, har hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna hakan. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Ashe tsada ma tana yi wa harshe ado.

Abin da kuɗin ba ya saye

Ga mai saye a Sakkwato akwai ƙarin matsala. Tabar Habana tana son laimar iska ta kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da sanyi mai kusan digiri 20, shi ya sa ake ajiye ta a akwatin katako na musamman. A hunturu laimar iskar Sakkwato takan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Karan da aka bari a aljihu ko a mota yakan bushe cikin 'yan kwanaki, rigarsa ta tsage, ƙamshin da aka yi shekaru ana tarawa ya tashi. Sannan ga jabu. Cohiba tana cikin kayan da aka fi kwaikwaya a duniya, ana cusa ɓarɓashin ganye a naɗe a sa zobe mai kama da na gaske. Wanda bai taɓa ɗanɗana ta asali ba, ya saya a hannun wani da ya ce daga Dubai ya kawo, cinikin biri a sama ya yi.

Abu mafi nauyi shi ne jiki. Mashayan Habano sukan ce ba sa haɗiye hayaƙi, a baki kawai suke juya shi. Amma hayaƙin irin wannan taba yana sakin nikotin ta fatar baki, kamar yadda kanwa ke sa taba gari ta kama mai sa ta a leɓe. Babban kara ɗaya yana iya ƙunsar ganyen da ya kai na kwalin sigari guda. Likitoci sun tabbatar da alaƙarsa da sankarar baki da maƙogwaro da maƙoshi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafin mutum fiye da miliyan 7 da taba ke kashewa kowace shekara. Dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ta 2015, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a, ba ta ware mai tsada daga mai araha ba.

Idan aka haɗa lissafin, bambancin da ke tsakanin tabar inji da wadda aka naɗa da hannu daga ganyen da ya shekara biyu a ajiye bambanci ne na gaske, kuma yana da kuɗinsa. Tazarar da ke tsakanin kara mai kyau na dala 15 da na dala 100 kuwa, mafi yawanta kuɗin zobe ne, kuɗin takunkumin Kennedy da labarin Castro da kasuwar Hong Kong. Attajirin Landan ko Shanghai da ya biya wannan rara yana samun wani abu a madadi, domin mutanen da yake zama da su suna karanta zoben su girmama shi. A Arkilla wannan riba ba ta samuwa. Al'ummar da ta gaji gardamar malamai ta shekara 400 ba ta ƙara wa mutum daraja don ya kunna taba, kowace iri ce. Mai neman a san ya isa, ƙwaryar goro mai kyau a ranar ɗaurin aure ta fi yi masa aiki, a kan kuɗin da bai kai na kara ɗaya ba.