Kwalejin Barewa: Asalinta, Ayyukanta da Matsayin Wasanni a Tarihinta

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu waiwayi tarihin Kwalejin Barewa ta Zariya, mu ga yadda aka kafa ta da irin tarbiyyar da ta bayar. Masu nazari sun saba lissafa shugabannin da makarantar ta yaye, amma ba kasafai sukan tsaya su duba filin wasanta ba. Mu kuwa a ganinmu, filin nan ya yi aikin da aji kaɗai ba zai iya yi ba, kuma wannan shi ne abin da muke son mu jawo hankalin mahalarta taro a kansa.

Asalin Makarantar

An kafa makarantar a birnin Katsina a shekarar 1921, Gwamna Clifford kuma ya buɗe ta a 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Nufin Turawan mulkin mallaka shi ne su horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. An zaɓi Katsina saboda sunan da ta yi wajen ilmi tun zamanin da, kuma saboda nisanta da hanyar jirgin ƙasa, don kada ɗalibai su cuɗanya da baƙin al'adu da ra'ayoyin da ke shigowa daga Kudu. Wato dai an so a sami ma'aikata masu ilmi da ladabi, waɗanda ba za su ɗaga wa hukuma murya ba.

A 1938 aka mayar da ita Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna. A 1949 ta koma Zariya, inda aka san ta da Sakandaren Gwamnati, daga baya Kwalejin Gwamnati, har zuwa 1971 da aka raɗa mata sunan Barewa. Tsohon gininta na ƙasa da ke Katsina kuwa an mai da shi gidan kayan tarihi.

Zaman Gidaje

Makaranta ce ta kwana, ta 'yan maza zalla, kuma an rarraba ɗalibanta gida gida. Sunayen gidajen kansu tarihi ne. Akwai na Turawa kamar Lugard da Clifford da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Akwai kuma na 'yan ƙasa kamar Nagwamatse da Suleiman Barau da Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, wanda ya koyar a Katsina. Yaron da ya fito daga Sakkwato sai ya tarar da ɗan Barno da ɗan Bauci da ɗan Ilori a ɗaki guda, su ci tare, su yi shara tare, su kuma tsaya wa gidansu ranar gasa. Kafin wannan lokaci, da wuya a sami wurin da ke tara samarin lardunan nan shekara da shekaru a inuwa ɗaya.

Wasanni

Turawan da suka koyar a Katsina sun zo da tsarin makarantun kwana na Ingila, inda ake ɗaukar wasa a matsayin hanyar gyaran hali. Don haka aka koya wa ɗalibai kurket da ƙwallon ƙafa da guje-guje, da kuma ƙwallon bango da Turawa ke kira Fives, wanda ake bugawa da tafin hannu, mutum biyu da biyu. Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya shahara a wannan wasa, bai kuma bar shi ba har bayan da ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Tsofaffin ɗalibai da suka bazu cikin larduna suna koyarwa sun taimaka ƙwarai wajen yaɗa shi, har ya zauna da gindinsa a garuruwa irin su Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi, inda akan buga shi da ƙwallon tanis.

A zamanin Zariya ma haka abin yake. Yakubu Gowon, wanda ya shiga makarantar a 1950, shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ya yi suna a gudun dogon zango da tsalle da sanda, ya kuma shugabanci 'yan dambe. A fili irin wannan ba a tambayar ɗan wane ne kai; ɗan sarki da ɗan talaka duk alƙalin wasa ɗaya suke bi, wanda aka kayar kuma ya miƙa hannu ya jira wata ranar.

Sakamako

Abin da ya biyo baya ya wuce nufin waɗanda suka kafa makarantar. Daga cikinta aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa, waɗanda duk suka riƙe ragamar Nijeriya. Daga cikinta kuma Sa'adu Zungur da Aminu Kano suka fito, suka ƙalubalanci Turawa da tsarin En'e. Sanayyar da aka ƙulla a ɗakin kwana da filin wasa ta sauƙaƙa musu haɗuwa a fagen siyasa, ko da ra'ayi ya saɓa.

Sai dai dole mu faɗi gaskiya, gatan ya tsaya ga 'yan ƙalilan. Ɗaliban farko kaɗan ne ƙwarai in an gwada da yawan jama'ar Arewa, 'ya'ya mata kuwa ba su da rabo a ciki. Wannan na cikin dalilan da suka sa Arewa ta kai ga samun mulkin kai a 1959 da ƙarancin ma'aikata masu ilmin zamani.

Kammalawa

A yau makarantun gwamnati sun yawaita, amma da yawansu an bar filayen wasansu ciyawa ta cinye, wasu ma an yanka su fuloti. Tarihin Barewa ya nuna mana cewa filin wasa wani ɓangare ne na makaranta kamar aji da ɗakin karatu. Muna kira ga hukumomin ilmi da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da su kare filayen nan, su farfaɗo da gasar gidaje, su kuma tattara kundayen wasannin makarantunsu tun kafin gara ta riga mu. Allah ya sa mu dace, amin.