Cin ranin masana: tarihin hutun da babu albashi

Manoman Jiratawa sun san wata tsohuwar ƙa'ida ta gandu. Idan an kammala girbi, saurayi yakan nemi izinin maigida ya tafi cin rani. Muddin yana can ba ya ci daga rumbu, amma ɗakinsa da gayaunarsa suna nan suna jiransa, bisa sharaɗin ya komo kafin ruwan shuka. Wannan ƙa'ida tana da ƴar'uwa a dokar aikin gwamnati, wato hutun da babu albashi, wanda ma'aikatan Nijar suka sani da sunansa na Faransanci, disponibilite. Malaman jami'a suna cikin waɗanda batun ya fi shafa, domin ilminsu haja ce mai kasuwa a ƙetare.

Asalin tsarin daga Faransa yake. Dokar ma'aikata da aka kafa can ranar 19 ga Oktoba 1946 ta fayyace matsayin da ma'aikaci zai iya kasancewa a ciki, kuma ƙasashen da suka samu mulkin kai a 1960 sun gaji wannan fasali. Matsayi biyu ne mutane suke yawan cuɗawa. Na farko shi ne detashema: a ba da aron ma'aikaci ga wata hukuma, ita ta biya shi, amma ƙarin girmansa da lissafin ritayarsa su ci gaba a gida. Na biyu shi ne disponibilite: albashi ya tsaya, ƙarin girma ya tsaya, shekarun kuma ba sa shiga lissafin ritaya. Abin da ya rage wa mutum shi ne haƙƙin komawa. Ana neman sa don ƙarin karatu, ko jinyar iyali, ko bin miji ko mata zuwa wani wuri, ko wata bukata ta ƙashin kai. Ya kuma bambanta da hutun bincike na jami'o'i, wanda Jami'ar Harvard ta Amurka ta soma bayarwa a 1880, domin shi wannan da biya ake yin sa.

Tafiyar masani ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya bar gida ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, can ya rasu a 1741. Sunan Katsina ya ɗaukaka da shi, amma almajiran Katsina ba su sake zama gabansa ba. A zamanin boko, jihar Maraɗi ta ba da misalai biyu. Abdu Mumuni Joffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya koyar a Dakar da Konakiri, ya zurfafa bincike a Tarayyar Sobiyet, ya jagoranci ɗakin binciken hasken rana a Bamako. A 1969 ya komo gida ya riƙi ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga baya ya shugabanci Jami'ar Yamai, wadda take ɗauke da sunansa tun 1992. Ɗan Dikko Ɗan Kulodo kuwa, ɗan Maraɗi ne masanin kimiyyar sinadarai. Bayan ya riƙi ma'aikatar ilmi, ya zama babban magatakardan hukumar ACCT ta ƙasashe masu amfani da Faransanci, mai mazauni a Paris, daga 1974 zuwa farkon shekarun 1980. Tafiyar irin waɗannan mutane ta jawo wa ƙasa daraja, ta kuma nuna cewa ƙaramar ƙasa takan ba da aron abin da ita kanta take ƙishirwarsa.

Shekarun 1990 sun sauya ma'anar tafiya. Baitulmali ya yi rauni, albashi yakan yi watanni bai fito ba, yajin aiki ya yawaita, an yi shekarun karatu da suka tashi a banza. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100, littafi da kayan ɗakin gwaji suka ninka kuɗi. A irin wannan hali, ƙungiyoyin raya ƙasa da hukumomin duniya suka zama wurin cin ranin masana. Mai neman hutu ba lalle neman ƙarin ilmi ya fitar da shi ba, sau da yawa tukunyar gida ce.

Jami'ar Maraɗi ta zo bayan wannan zamani. Ta faro da cibiyar koyon fasaha a 2008, ta zama cikakkiyar jami'a a 2010, aka kuma raɗa mata sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. A sabuwar jami'a, wani fanni yakan rataya a wuyan malami ɗaya ko biyu. Idan masanin ƙasar noma ya ɗauki hutun shekara biyu, ɗalibin da ya soma gwajin iri a fadamar Gulbi zai rasa mai duba aikinsa, darasi kuma ya koma hannun malamin aro mai zuwa na ƴan makonni. Shi ma matafiyin yana da tasa hasarar, domin ƙarin girman malaman jami'a yana bi ta hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, ita kuwa koyarwa da rubuce-rubucen bincike take aunawa.

Duk da haka, toshe ƙofar ba magani ba ne. Wanda aka hana hutu yana iya ajiye aikin ɗungurungum, sai a yi biyu babu. Abin da adalci yake bukata shi ne wa'adi bayyananne, da sanin wanda zai riƙi ɗaliban da aka bari, da tabbacin kujera ga wanda ya cika alkawari ya komo.

A nan Jiratawa take da abin koyarwa. Filin noman rani da aka shimfiɗa mata a farkon shekarun 1980, da rijiyoyin burtsatse da magudanan ruwa, ya samar wa magidanta aikin yi bayan damina: albasa, tumatir, tattasai, zogale. Ba doka ce ta tsayar da wanda ya zauna ba, ruwa ne ya iso gonarsa. Malamin jami'a ma haka yake. Ɗakin gwaji mai kayan aiki, da kuɗin bincike, da albashin da yake zuwa a kan kari, su ne ruwan da zai sa ya zauna, ko kuwa idan ya tafi ya komo kafin shuka.